Dabinon Inna a Cikin Katangar Wani

Ban taɓa yin tafiyar da ta gajiyar da ni irin wannan ba, kuma ba Legas na je ba. Dutse na je, Dutsen da a da nake zuwa a kan keke in dawo kafin magariba. Kwana biyu na yi, na dawo da ciwon baya da ƙaya a tafin hannu da takalmi ƙafa ɗaya a tsinke. Masu tambayata a masallaci yadda aka ƙare, ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga abin da ya kai ni. Inna mahaifiyata 'yar Limawa ce, aure ya kawo ta ƙauyenmu da ke arewa da Kiyawa. Shekarar da aka haife ta, mahaifinta ya dasa bishiyar dabino, mace, a garkarsa da ke bayan unguwa, ya ce tata ce. Da aka raba gado garkar ta faɗa wa ƙaninta Kawu Adamu, amma bishiyar tana nan a sunan Inna. Haka muka taso muka gani, ƙasa daban, itace daban. Mutum zai sayar da gona, kukar da ke ciki ta gwaggonsa ce, mai saye ya sani, ba ya taɓa ko ganye. Duk shekara ana aiko wa Inna dabinonta a buhu. Ba ta ma ce mata dabino, "sa'ata" take cewa. Kawu ya rasu, ɗansa Haladu ya sayar da garkar, buhu bai daina zuwa ba. Sai ga wata mata ta zo biki daga Limawa ta ce wa Inna ta ji ana cewa za a sare bishiyar. Tun ranar Inna ta rage cin tuwo. Ta kira ni ta ce, "Sale, je ka hana su. In ba su san tawa ba ce, ka faɗa musu."

Litinin: daga gida zuwa Kiyawa

Na fita ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba. Kilomita goma sha ɗaya ne zuwa Kiyawa. Ɗan acaɓa ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar, na ce bara ɗari bakwai ne, ya ce to in hau bara ta kai ni. Na hau shi.

Mun yi kamar rabin hanya sai muka tarar da kwalbatin nan na bakin rafi ya tafi. Ruwan daren Asabar ne ya kwashe shi. Wannan rafin ina yaro da tsalle ɗaya nake ƙetare shi. Yanzu masu tifa sun kwashe yashinsa suna kai wa masu gini, bakinsa ya zaizaye ya cinye rabin gonar gero biyu, ya zama kwazazzabo da za a binne gida a ciki. Muka sauka, na naɗe wando, muka turo babur ta cikin laka. A nan igiyar takalmina ta tsinke. Muna fita daga ramin sai ga wata tifa ta gangaro ɗibar yashi, direban har da ɗaga mana hannu, wai sannunmu da hanya. Mun isa Kiyawa ƙarfe bakwai saura kwata. Na sha shayi da burodi na ɗari shida, burodin duk iska, na ba mai gyaran takalmi ya kafa ƙusa.

Kiyawa zuwa Dutse

Motar ƙaramar bas ce mai cin mutum goma, aka zuba mu goma sha huɗu da buhun gawayi shida a sama. Dubu ɗaya da ɗari biyu kowa. Direba ya ce kilomita talatin ne, minti talatin. Mun tashi ƙarfe takwas da minti goma.

Na tambaye shi gawayin na wane ne, ya ce na wata mai abinci ne a Dutse. Na ce wane itace ne, ya ce, "Baba, wa yake tambayar gawayi sunansa? Marke ne, ƙirya ce, ɗorawa ce, in ya yi baƙi duk ɗaya ne." Na leƙa taga na ga gaskiyarsa. Hanyar da na sani da inuwa yanzu sai kututture, sai baƙar leda a maƙale a jikin ƙaya tana kaɗawa. Inda gonakin dawa suke an kakkafa 'yan ƙananan duwatsun siminti da lambobi, an yanka fuloti, ba gini ba shuka, ciyawa kawai. Na ce waɗannan fa? Wani mai farar shadda a gaba ya juyo ya ce ai wannan shi ne ci gaba. Na ce to Allah ya sa ana tuƙa tuwo da shi. Bai ƙara juyowa ba.

An tsayar da mu sau biyu. Na farko mai kaki ya leƙo ya gaisa da direba hannu a dunƙule, muka wuce. Na biyu, bayan Shuwarin, taya ce ta yi faci, muka zauna a bakin titi minti arba'in ba ko inuwar da kare zai fake. Mun shiga Dutse ƙarfe goma saura minti biyar. Tun kafin mu shiga na ji wani ƙara kamar aradu, na ce ruwa za a yi? Direba ya ce a'a, masu fasa dutse ne. Na duba na ga wani dutse da na sani tun ina yaro an gutsure masa gefe guda, fari fat, kamar an gatsi rogo. Garin da aka sa wa suna don duwatsu, ana loda duwatsun a mota ana sayarwa.

Limawa

Adaidaita sahu ya ɗauke ni ɗari huɗu. Na ce ya sauke ni a gindin tsamiyar gidan Kawu Adamu. Ya ce wace tsamiya? Na ce babbar nan da ake ɗaure jakuna. Ya ce shekararsa tara yana wannan aiki bai ga jaki a Limawa ba, in faɗa masa sunan shago ko gidan mai. Sau uku muna zagaya unguwar uwata ina baƙo a cikinta, har sai da na hango wani tsoho da na gane a ƙofar masallaci, ya nuna mana. Inda tsamiyar take yanzu shagon cajin waya ne.

Haladu taubashina ne, ɗan ƙanin Inna, tsakaninmu ba a raga wa juna. Da manomi ne, yanzu dillalin filaye ne, ya yi tumbi, waya biyu a hannu. Yana ganina ya ce, "A'a, bawana ya shigo birni! Wa ya tsallakar da kai titi?"

Na ce, "Wanda ya tsallakar da kai daga garma zuwa ƙarya. Ina zauren Kawu?"

Ya ce ya rushe shi ya yi shaguna biyu na haya. Baƙo yanzu falo ake kai shi. Aka kai ni falo, aka zaunar da ni a wata kujera mai laushi da ta haɗiye ni har gwiwata ta kusa taɓa haɓata. Matarsa ta kawo taliya da manja, da ruwan leda biyu. Na tambayi rijiyar gidan, aka ce ta ƙafe tun da maƙwabta suka haƙa burtsatse uku, yanzu jarka ake saye.

Na bari ya ci ya ƙoshi sannan na ce, "Haladu, da gaske ne za a sare dabinon Inna?"

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Kai dai ba ka iya shigowa da magana a hankali ba."

"Ba hankali aka aiko ni nema ba. Da ka sayar da garkar, ka faɗa wa mai saye bishiyar ba taka ba ce?"

"Na faɗa masa. Shi ya sayar wa wani, wani ya yanka ta shida, ya sayar wa wani. Hannu huɗu ke nan. Kana so in bi kowa da kowa ina cewa akwai wata tsohuwa a ƙauye?"

Na ce, "Tsohuwar gwaggonka ce. To dabinon da kake aiko mata fa, ta ina kake shiga ka ɗebo?"

Nan ya fara duba wayarsa, wadda ba ta yi ƙara ba. Da na matsa ya ce shekara huɗu ke nan bishiyar ba ta haihu ba. Namijin da ake ɗebo furensa a ɗaura mata yana fulotin gefe, an sare shi an yi katanga. Mai hawa ya yi mata barbara kuma ya tsufa, 'ya'yansa duk suna tuƙa adaidaita. A kasuwa yake sayen dabino ya zuba a tsohon buhu ya aika. Ya ce, "Ai ƙoƙari na yi, bawana." Na ce ƙwarai, ba kowa ne zai yi wa gwaggonsa ƙarya shekara huɗu bai gaji ba.

A falon na kwana a kan tabarma. Kwatar ƙofar gidan ta toshe da leda, sauron da ke ciki sun fi na fadamarmu ƙiba.

Talata: neman bishiya

Mun fita ƙarfe takwas a kan babur ɗinsa, ta hanyar da ke yi wajen Takur. Minti goma sha biyu. Garkar da na sani da rijiya da lemo da gwaiba da dabino ya fi ashirin, yanzu layi ne na katangu masu tsawon mutum biyu, da waya mai ƙaya a sama. Haladu da kansa sai da ya ɓata, shi da ya sayar. Ni na gano ta. Na ɗaga kai na hango kan bishiyar can sama da wani bene mai ruwan ƙwai, ta ɗan karkata gabas yadda na san ta. Ita kaɗai ta rage a layin.

Maigadin gidan wani dattijo ne Bafulatani, Malam Buba. Muka gaisa. Na ce masa ina shanu? Ya ce, "Burtalin da nake bi da su, ga shi nan ka tsaya a kai, an zuba kwalta. Na sayar da su kafin yunwa ta sayar min. Yanzu motoci uku nake kiwo, ba sa ba da nono, amma ba sa shiga gonar kowa." Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya girgiza kai ya ce gobe Laraba masu inji za su zo, an riga an yi magana da su. Ya ce mu jira Alhaji mai gidan ya fito.

Mun jira awa biyu da rabi a kan benci. Sha ɗaya saura ya fito. Alhajin nan bai kai ƙanina na uku ba a shekaru. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, har da cewa Baba. Ya shigar da mu. Tsakar gidan duk an shafe ta da siminti, ko tafin hannu na ƙasa babu sai wani ɗan zagaye a gindin bishiyar. A bakin ƙofa kuma ya jera wasu gajerun itatuwa a tukwane masu kama da dabino. Na ce waɗannan suna haihuwa? Ya ce a'a, na ado ne, daga Abuja aka kawo su.

Na ce, "Alhaji, wannan doguwar ta mahaifiyata ce. Ubanta ya dasa mata. An sayar da ƙasa, ba a sayar da ita ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ban gane ba. Bishiya a cikin gidana, ta wani?"

"Haka ake yi."

"A da ke nan. Ni takardata ta ce fili da duk abin da ke kansa. Kuna da takarda?"

"Wa yake yi wa itace takarda? Unguwa ce shaida. Mai unguwa ya sani."

Haladu ya yi tari ya ce mai unguwar da ya sani ya rasu, na yanzu ɗansa ne, kuma shi ya sa hannu a cinikin.

Alhaji ya ce shi ba ya son rigima da dattijai. Amma in duba, bishiyar ba ta ba da komai, zarɓarta, reshen nan mai ƙaya, ta faɗo ta fasa masa gilashin mota, jemagu suna ɓata masa bango, kuma nan yake so ya kafa rumfar motoci. Ya sa hannu a aljihu ya ce a kai wa Hajiya wani abu ta sayi dabino mai kyau, irin na Makka. Na ce ba Hajiya ba ce, kuma an riga shi wannan dabarar. Haladu ya kalli sama.

Na roƙe shi, ban ɓoye ba. Na ce tsohuwa ce, ta haura tamanin, ya bar mata ita ko shekara biyu, ba za ta daɗe tana takura masa ba. Ya ce wallahi ya tausaya, amma an riga an auna, ƙarfen rumfa yana hanya. Wayarsa ta yi ƙara, ya ce mu yi haƙuri, ya juya.

Ina tsaye kamar wanda aka kwashe wa kaya a tasha, sai Malam Buba ya taɓa ni ya nuna min gindin. Uwar ta tsufa ta daina fitar da 'ya'ya, amma akwai wata 'yarta da ta tsiro a jikinta tun tuni, ta kai tsawon mutum, ita kuma ta fitar da ƙananan toho biyu a ƙasa. Ya ce, "Wanda ke ɓangaren inuwa ya yi saiwa. Ni nake zuba masa ruwan alwala." Na bi Alhaji har bakin mota na ce a ba ni wannan. Ya ce, "Wannan ciyawar? Ɗauki duka, Baba." Ya ji daɗi ƙwarai, ya samu abin da zai ba ni kyauta daga cikin kayan uwata.

Gidan mai mota uku ba fartanya ba gatari. Sai da Haladu ya je wajen masu gini a layin baya ya aro diga da kurfi. Cire ɗan dabino ba wasa ba ne, in ka yanke shi ba tare da saiwa ba ka kashe shi, in ka ji tsoro kuma ba zai rabu da uwar ba. Daga azahar har bayan la'asar muna kai. Na sa Haladu ya riƙe ganyen, ƙaya ta yi masa zane a hannu biyu, yana cewa shaddarsa, ina cewa riƙe da kyau, ubangidana. Muka ciro shi da ƙasarsa, muka naɗe gindin da jiƙaƙƙen buhu, muka ɗaure ganyen da igiya. Nauyinsa ya kai na ɗan akuya.

Laraba: komawa

Na bar shi a ɗakin Malam Buba ya kwana, don haka sai da na koma da safe. Na isa ƙarfe bakwai da rabi, na tarar da masu inji sun riga ni, su uku, suna zuba mai. Ɗaya ya ɗaure igiya a ƙugu zai hau ya fara daga sama. Malam Buba ya ce in tsaya in gani ko zan faɗa wa tsohuwa yadda aka yi. Na ce ba zan tsaya ba. Na dafa jikinta sau ɗaya, na saɓa kayana na fita. Ban kai bakin titi ba na ji injin ya tashi. Mai adaidaita ya tambaye ni ina za ni, sai da ya maimaita sau biyu.

A tasha direba ya ce itacen nan kujera guda zai ci, in biya kuɗin mutum biyu. Na ce a sa shi a sama, ya ce sama ta buhunan siminti ce. Na biya. Muka zauna ni da shi a baya, yana soke duk wanda ya motsa. Wata mata ta ce, "Malam, mutane suna kawo tsaraba daga birni, kai ka ɗauko ƙaya?" Na ce ita kaɗai ta rage ba a yanka fuloti ba.

A shingen hanya mai kaki ya leƙo ya nuna shi da baki ya ce mene ne wannan, ina takardarsa, ba mu san an hana sare itace ba? Na ce, "Yallaɓai, ni dasawa zan yi. Masu sarewa suna can Dutse da inji, in kana so in ba ka kwatance." Motar ta kwashe da dariya, direba ya harare ni, ya fita suka gaisa, muka wuce. Kiyawa ƙarfe goma sha ɗaya. Ɗan acaɓa na farko da na biyu suka ƙi ɗaukata, na uku ya yarda da ƙarin ɗari biyar. A kwazazzabon nan na ɗora shi a ka na ƙetare, laka har gwiwa, takalmin ya sake tsinkewa. Na shiga gida ana kiran azahar.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ba ta amsa sannu da gida ba, ta ce, "Ka hana su?"

A hanya na shirya maganganu iri-iri masu laushi, da na gan ta duk suka gudu. Na ce, "Ban iya ba, Inna. Yau da safe suka sare ta."

Ta ce, "To. Ta riga ni. Ni na ɗauka ni zan riga ta." Ta share fuska da gefen zane. Ta nuna buhun ta ce wancan fa? Na ce jikar sa'arta ce, daga gindinta na ciro. Ta sa aka matso da shi, ta kwance bakin buhun, ta laluba saiwar da yatsa, ta ce, "Wa ya cire? Ya iya." Na ce ni ne. Ta ce ba ta zata ba. Ta tambaya shekara nawa kafin ya haihu, alhali ta fi ni sani. Na ce biyar ko shida, in an samu namiji. Ta ce, "Ba ni zan ci ba ke nan. Kawo min tuwon nan da aka ajiye."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Buba, wanda ba danginmu ba ne amma ya fi dangi amfani. Haladu kuma na gode masa da tabarma da aron diga, sauran tsakaninsa da gwaggonsa.

Washegari da sassafe na haƙa rami a bayan ɗakin Inna, kamu biyu, na zuba taki da yashi, tana zaune a kujera tana cewa na karkatar. Ta ce ta ba Hauwa, ƙaramar 'yata. Na dasa, na zuba ruwa bokiti biyu, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Daga nan na wanke hannu na tafi gidan mai unguwa da liman da malamin firamare, na sa aka rubuta a takarda cewa dabinon da ke bayan ɗakin nan na Hauwa ne, ko wa ya sayi ƙasar. Mai unguwa yana dariya yana cewa tun da yake bai taɓa sa wa itace hannu ba. Na ce ya sa, ya buga hatimi, a yi min kwafi uku.